Libarbar Sajan Nomau

Ku rage wutar fitilar nan, ku matso kusa. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni na hana shi barci.

Kun dai san Maiwada, wannan da ke raɓe a bakin rumfar masu gishiri ranar kasuwa, hannunsa na dama kullum a cikin aljihu. To, da can dillalin tsofaffin kaya ne. Takubba, tasoshin tagulla, linzamin doki, duk abin da ya kwana biyu a duniya yana bin ƙauyuka yana tsintowa, ya kai wa wani mutum a birni mai sayar wa Turawa kayan tarihi. Sana'ar ba ta da laifi, shi ne dai ba shi da kirki ko na anini. In zai saya, kayanka ba su fi na juji ba. In zai sayar, kai ka ce daga Makka aka sauko da su. Rantsuwa kuwa a bakinsa ta fi ruwan rafi araha.

Wata rana labari ya iske shi cewa Iya Tabawa ta Kwarin Maje, matar marigayi Sajan Nomau, za ta koma gidan 'yarta, tana rabuwa da kayan ɗaki. Sajan tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo da 'yar bindigar hannun nan mai ramin harsashi shida, wadda ake ce wa libarba. Shekara da shekaru tana rataye a ƙusa a bangon ɗakinsa, naɗe cikin farin ƙyalle. Duk Juma'a sai ya sauko da ita ya shafe ta da man gyaɗa. Maiwada ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta, amma da ran Sajan ko ƙofar gidan bai isa ya tsaya ba. Da ya ji ƙasa ta rufe idon mai ita, sai ga shi da sassafe, har da guntun goronsa wai na ta'aziyya.

Tsohuwa ta warware ƙyallen. Ƙarfen na sheƙi, mariƙin katakon ya yi santsi saboda shafar hannu. Maiwada ya san ya yi tsuntuwa, sai ya yatsina fuska, ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera. Ya ce tsatsa ta cinye cikinta, kunamar ta saki, harsashinta ma an daina yinsa tun kafin a haife shi. Ya ce in hukuma ta same ta a ɗakin nan, a gidan yari tsohuwa za ta ƙare kwananta. Shi taimako ya zo yi, don darajar marigayi.

Iya Tabawa ta ce, "Ɗan nan, Sajan ya ce mini lafiyarta ƙalau."

"Iya, Allah ya jiƙan Sajan, tsufa ne kawai. Wallahi wannan ko ƙadangare ba za ta kashe ba. Ga tafin hannuna, in za ta tashi, ta tashi a nan."

Ya ɗora bakin bindigar a tsakiyar tafinsa na dama, har da 'yar dariya.  Abin da ya ajiye wa tsohuwa a tabarma bai kai kuɗin kaji biyu ba, amma ko albarka ba ta ce ba, ta ce ta sallama. Yana ɗaure jakarsa ta ƙara magana guda. Ta ce kada ya bi ta Tsamiyar Kwari da rana tsaka, Sajan na da aboki a wurin. Can yakan je ya zauna su yi ta hira, kuma ba wanda ya taɓa ganin da wa yake yi.

Maiwada ya ce to, a ransa yana cewa ruɗin tsufa ne. Kuma ma ta ina zai bi? Babbar hanya akwai shingen 'yan sanda, jarumin naku kuwa ko kaki ya hango a kan igiyar shanya sai ya sauya hanya. Ya cusa libarba a ƙasan jaka, ya yanki daji shi kaɗai.

Rana ta take tsaka. Ba iska. Ba kukan tsuntsu. Ƙudajen da suka biyo shi tun daga gari ma sun koma. Yashi ya yi zafi har yana ratsa takalminsa. Can ya hango tsamiyar, da mutum a tsaye daga wajen inuwarta.

Dattijo ne dogo, cikin farar riga tas. Ba ɗigon gumi a goshinsa. Maiwada ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya so ya raɓa ya wuce, dattijon ya nuna jakar da haɓa.

"Ta sayarwa ce?"

Maiwada ya san muryar nan, ya dai rasa inda ya san ta. Mai hankali da ya ji baƙo ya san abin da ke ƙasan jakarsa, ai sai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Shi kuwa rigar ya kalla, ya kalli zoben azurfa a yatsan mutumin, ya ga ga wani wawa Allah ya kawo masa har tsakiyar daji. Nan da nan ya zaro libarba, baki ya buɗe. Ya ce ta wani babban hafsan Turawa ce, ba ta taɓa kuskure ba, tashinta kamar aradu, yau ka sa mata harsashi yau ta yi aiki. Ya rantse, ya ƙara rantsewa.

Yana cikin zuba ne idonsa ya faɗa ƙasa. Inuwarsa na dunƙule a ƙarƙashin ƙafarsa, kamar ta kowa a wannan lokaci. Ta dattijon kuwa ta miƙe doguwa a kan yashi, irin ta la'asar sakaliya. Ya bi ta da ido har zuwa ƙafafun mai ita. Duga-dugan ne a gaba. Yatsun suna kallon tsamiya.

Ya ja da baya.

Dattijon ya ce a hankali, "Wallahi wannan ko ƙadangare ba za ta kashe ba."

Sai a lokacin Maiwada ya gane muryar. Tasa ce. Har da 'yar dariyar da ya yi a ɗakin tsohuwa.

"Da safe ka rantse ta mutu. Yanzu ka rantse tana da rai. Ba a sayen bindiga sai an gwada, kuma kai ka zaɓi wurin gwaji. Miƙo hannu."

Ku zo ku ga mai baki ya zama abin tausayi, in ma akwai mai tausayinsa. Ya zube a kan yashin nan mai zafi. Ya ce zancen kasuwa ne, kowa na kushe kaya kafin ya taya. Ya ce ya bar ta kyauta, ya ce zai mayar wa tsohuwa. Ya so ya ja Ayatul Kursiyyu, harshen da ya saba da rantsuwar ƙarya ya rasa ta inda ake farawa. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, ai ba harsashi a ciki."

"To me kake tsoro?"

Bai san lokacin da bindigar ta bar hannunsa ba. Bai san lokacin da hannun nasa ya ɗaga kansa ya buɗe ba. Bakin ƙarfen ya sauka a tsakiyar tafin, sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Yatsa mai zobe ya ja kunama.

Ƙas.

Iyakar abin da Maiwada ya ji ke nan. Amma a Kwarin Maje, mutane sun ji ƙara kamar an yi tsawa ba hadari, har awaki suka tsinke. Iya Tabawa ta ɗaga kai daga ɗaurin kayanta, ta ga libarba a rataye a ƙusarta cikin farin ƙyalle. Ba ta yi mamaki ba, ta ci gaba da ɗaure tabarmi.

A gindin tsamiya kuwa, Maiwada ya sake jin muryar nan tasa, wannan karon daga bayan kunnensa: "Lafiyarta ƙalau. Ga la'adarka, dillali."

Ya ɗaga kai, ba kowa. Ya bar jaka, ya bar takalma, ya zura da gudu, wando a jiƙe. Sai da ya kai gari ya iya buɗe hannun. Rami ne a tsakiyar tafin, daidai faɗin harsashi, ya fasa har baya. Ba jini, ba zafi, sai baƙi-baƙi a gefensa. In ya ɗaga hannun kana hango sama ta ciki.

Ya bi malamai, ya bi bokaye, rami ya ƙi rufewa. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, ai aljihu na rufa asiri. Amma ranar da ya koma kasuwa ya ɗauki wata tasa ya ce wallahi ta fashe, sai warin albarushi ya tashi daga aljihunsa, har na kusa suka toshe hanci. Ya sake gwadawa a kan wani takobi, wari ya sake tashi. Kafin mako biyu kowa ya gano. Dillalin da ba ya iya rantsuwar ƙarya irinsa, me ya rage masa? Shi ya sa kuke ganinsa a raɓe, ba mai saya a wurinsa, ba mai sayar masa, kuma ni dai ban taɓa jin tausayinsa ba.

Saboda haka kada wanda ya kuskura ya bi ta Tsamiyar Kwari shi kaɗai da rana tsaka. In kuma wani ya tare ku a hanya ya ce ta sayarwa ce, ku dubi ƙafarsa kafin ku dubi rigarsa.

Gobe kasuwa ce. In kun ga Maiwada ku tambaye shi, zai ce ƙarya na yi masa. Ku ce ya rantse, sannan ku shaƙi iska.