Tsagar da Ba Ta Kai Tafin Hannu Ba

Ranar da aka sa wa motar sabon gilashin gaba, Mai Dabara ya dawo gida da wuri. Ya shigo da ita tsakar gida, ya ɗauko tsumma yana goge gilashin kamar mai yi wa jinjiri wanka. Rana ta riga ta faɗi, sauran haske ya yi ja a kan katanga. Matarsa na kwashe shanya, 'yarsu Auta na zaune bakin ƙofa tana bitar karatun gobe. Shi kuwa sai murmushi yake yi shi kaɗai.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Matar ta ce yaran maƙwabta ne. Wani dutsen ya sauka cikin bokitin ruwa, wani ya bugi ƙofar kicin. Mai Dabara ya fita da tsumman a hannu yana bambami, ya tarar da layi fayau, ko kaza babu. Da ya dawo, tsakuwa na sauka a tsakar gidan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daga sama inda babu kowa. Ta bugi taga, ta bugi tankin ruwa, ta bugi kujerar da Auta ta tashi a kai. Motar kaɗai ba ta taɓa ba. Ana kiran isha'i komai ya tsaya cik, shiru ya rufe gidan.

A cikin shirun ne Auta ta dafe idonta na hagu. "Mama, wani abu ya shiga idona."

Ba a banza aka sa wa mutumin nan Mai Dabara ba. Direban tasi ne, ba ya shaye-shaye, ba ya cutar fasinja, amma in ya ga hanya miƙaƙƙiya sai ya ji kamar an raina masa wayo, dole ya nemi ta bayan gida. Kwanakin baya wata tifa ta watso masa tsakuwa a kan titi, gilashin ya yi 'yar tsaga kamar ƙafar gizo-gizo. Ya buga wa kamfanin inshora waya. Ma'aikacin ya ce ya kawo motar da safe a duba, sannan ya yi suɓutar baki: in tsagar ba ta kai tafin hannu ba, gam za a ɗura mata a goge, in ta wuce haka kuma sai sabon gilashi. Mai Dabara ya kashe wayar, ya ɗora tafinsa a kan tsagar. Ta ɓace ƙarƙashinsa har da sauran wuri.

Da magariba ta yi, matar da Auta suka shiga ɗaki yin salla, shi kuma ya ɗauki dutse a gindin katanga. Ko bismillah bai yi ba, wa ke kiran sunan Allah a kan abin da yake ɓoyewa? Ya ja da baya ya jefa, don aikin ya yi kama da na tifa. Kafin ƙarar gilashin ya ji wata siririyar ƙara, irin ta ɗan kyanwa in an take shi. Ya leƙa ƙarƙashin mota bai ga komai ba. Washegari ma'aikacin inshora ya ga tsaga daga wannan gefe har wancan, ya girgiza kai ya ce direbobin tifa ba su da imani. Mai Dabara ya ce, "Wallahi kuwa."

Tun daga ranar jifan farko, gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana ta fara sunkuyawa sai matar ta rufe tagogi, su shige ɗaki ɗaya suna jin tsakuwa a kan kwano. Idon Auta ya yi ja, yana zubar da ruwa. Likita ya haska shi, ya ce bai ga komai ba, ya ba su maganin ɗigawa. Wata rana yarinyar ta daɗe tana kallon ubanta, sannan ta ce, "Baba, kamar an ja layi a fuskarka." Ta ce da idon hagu duk abin da ta duba a tsage take ganinsa, kuma kullum magariba layin sai ya ƙara tsawo.

A nan Mai Dabara ya gane, kuma a nan ne abin haushin yake, domin ya gane ya yi gum. Ya koma ga halinsa. Ya kai motar ta kwana a gareji, jifa bai fasa ba. Ya kwashe iyalin zuwa gidan yayansa, tsakuwa ta bi su can, har yayan ya fara yi musu kallon da ake yi wa baƙon da ya daɗe. Suka dawo. Duk dabarar da ya fito da ita, layin da ke idon 'yarsa bai daina tafiya ba.

Wani almuru suka nemi Auta a ɗaki suka rasa. Tana tsakar gida, tsaye a gaban motar, tana shafa sabon gilashin da tafin hannu. Ba ta juyo ba ta yi magana, kuma muryar ta wata babbar mace ce, a dishe, kamar wadda ta kwana kuka.

"Ya yi kyau. Kana gani sosai ta cikinsa?"

Matar ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta ruga wajen wani tsohon malami, abokin marigayi mahaifinta, wanda aka sani da irin wannan aiki.

Malam ya zo washegari kafin rana ta faɗi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta uwarta na riƙe da ita. Ya fara karatu a hankali. Dutsen farko ya sauka kusa da gwiwarsa, bai ko ɗaga kai ba. Haske na raguwa karatun na ƙara nauyi, har yarinyar ta sandare ta ƙwalla ƙara, sannan ta ɗago ta kafe shi da ido ɗaya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Me ɗana ya yi masa?" Ta nuna Mai Dabara da haɓa. "A gindin katangar nan muke tun kafin a yi gidan. Ko cokalinsu ban taɓa ɗauka ba. Ɗana ƙarami ne. In mutumin nan ya dawo da magariba, sai yaron ya hau gaban motar yana jin ɗumin inji, yana yi wa fuskarsa gwalo a gilashi. A nan dutsen ya same shi. Da ya ambaci Allah, da na ji na janye abina. Bai ambata ba."

Malam ya juya ya dubi maigidan. Matar ma ta dube shi. "Baban Auta, ba tifa ba ce?"

Mai Dabara ya buɗe baki, ƙarya ta zo har maƙogwaro ta tsaya. Ya sunkuyar da kai. "Tifa ce ta fara. Ni na ƙarasa."

Matar ta ƙara rungume 'yarta ta juya masa baya.

Malam ya ce wa muryar, "An zalunce ki, ban musa ba. Zai tuba. Zai koma wurin masu inshorar ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ki sakar masa yarinya."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba ta da daɗin ji. "Inshora! Su in tsoho ya fashe sai su sa sabo. Ni wa zai sa wa ɗana sabon ido? Kullum magariba sai ya tambaye ni yaushe gefen nan zai waye."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta shiga birgima, tsakuwa na zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Muryar ta yi ihu, ta yi kuka, amma ba ta roƙi komai ba.

"Ƙona ni, Malam, ƙona ni! Hannuna na kan idon. In na fita da zafi da shi zan fita, in haɗa da na daman."

Malam ya tsaya. Ya daɗe yana wannan aiki, ya san mai barazana, ya kuma san uwar da ba ta da sauran abin tsoro. Ya sassauta murya ya ce, "Ba a ɗora wa rai laifin wani ran. Kin san haka kamar yadda na sani."

Duhu ya fara cika kusurwoyin gidan.

"To mai laifin ya miƙo nasa," in ji muryar.

"Ba na cinikin idon mutum," in ji Malam.

Mai Dabara ya dubi 'yarsa kwance cikin ƙura, ruwa na gangarowa daga ido ɗaya. Ya lalubi kansa ko da sauran wata hanya, ya rasa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don direba da idonsa yake ci, amma ya matso da gwiwoyinsa.

"Ɗauki nawa."

"Yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa. Sai dai magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

"Na ji," in ji muryar.

Abin da ya rage wa Malam shi ne ya ɗaure ta da rantsuwa, ya kuwa ɗaure ta tamau. Ya sa ta rantse ido ɗaya ne ba ƙari, ba za ta sake kusantar yarinyar ba, za ta ɗauki ɗanta su bar gindin katangar. Ta rantse ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Da ya ce ta yafe kafin ta tafi, sai ta ce, "Ban yafe ba, Malam. Na dai karɓa."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta a cinyar uwarta. Jifa ya tsaya tun ba a kira isha'i ba. Mai Dabara ya kai hannu ya murza idonsa na hagu, kamar ƙura ta shiga.

Kafin gari ya waye idon ya mutu. Likita ya haska ya ce bai ga komai ba. Mai Dabara ya je kamfanin inshora ya faɗi yadda tsagar ta yi tsawo, suka soke masa inshorar, ya sa hannu ya fito. Ya gwada tuƙi, ya kusa take mai keke da ya fito masa ta hagu, ya dawo ya miƙa wa wani direba makullin. Matarsa ta daɗe tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

Wata yamma yana zaune bakin ƙofa, Auta ta dawo daga makaranta, idanunta biyu garau. Ba ta tuna komai na abin da ya faru, kuma babu wanda ya gaya mata. Ta zo ta zauna kusa da shi ta hagu, tana nuna masa littafinta.

"Baba, duba makin da na ci."

Ya juya kai yana neman inda take. Yarinyar ta dube shi jim kaɗan, sannan ta tashi ta zagayo ta damansa, ta zauna, ta sake buɗe littafin.