Mai Zama a Bedin Garka

Rana ta yi ja lokacin da Najiba ta ɗauki famfon feshi ta shiga garkar bayan gidansu a Gangara. Ƙwarin darɓa sun lulluɓe kabeji. Mahaifiyarta Zulai ce ta saba tatsar man bedi, wato dogon yaro, ta gauraya da ruwan sabulu, ta fesa da yamma don kada rana ta ƙone ganye. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, mijinta Mudi kuwa ko sunanta ba ya iya ambata.

Najiba na cikin feshi dutse ya faɗo gabanta. Wani dutsen ya biyo baya. Babu kowa a wajen sai tsohon bedin da ke bakin rijiya, ko ganyensa ba ya motsi.

Kwana uku ana jifan gidan da magariba. A na huɗu aka tsinci yarinyar tsakanin kunyoyin kabeji, idanu a kafe, tana magana da muryar tsohuwa.

Mudi ya hau babur ya ɗauko Malam Muttaka daga Gazawa. Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa. Ta ce a bedin take zaune. Shekara goma sha shida Zulai na yi mata sallama kafin ta tsinci 'ya'yan itacen, tana ba ta labarin gida. Sai ta daina zuwa. Da ta ji warin man ta fito da murna, ta tarar da wata.

"Ina kuka kai ta?"

Malam ya umarce ta da ta saki baiwar Allah. Ta roƙa a bar ta har a cire kabeji, ya ƙi. Ta ce to mai gidan ya ba ta amsa da bakinsa, za ta tafi.

Mudi ya durƙusa. Sannan ya ce:

"Zulai ta rasu. Wajen haihuwa, da ita da ɗan."

Kukan da ya fito daga ƙirjin yarinyar ya sa maƙwabta sunkuyar da kai. Muryar ta ce babu wanda ya zo ya gaya mata. Sai Najiba ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Da ta farfaɗo ta shafa fuskarta, ta ji ta jiƙe.

"Baba, wa ya mutu kuma?"

Mudi ya riƙe hannunta, ya ce babu kowa, Innarta ce dai.