Ragunan Abdulhadi

Ranar kasuwar Shinkafi Tasalla ta fara ganinsa. Ta kai wa babanta, Malam Halilu, fura a kara, wurin sayar da dabbobi, sai ga wani da farar rigar likita cikin tsakar rana, yana zagaya cikin rago da tef kamar tela.

Abdulhadi ke nan, ɗan alƙali daga Kaura Namoda, likitan dabbobi. Bincike yake kan bugun zuciya: a yi wa rago allurar barci, a ɗaure jijiya ɗaya ta zuciyarsa, a duba ɓarnar, a gwada magani saboda mutane. Shekara guda yana yi, kowane rago da irin sakamakonsa.

"Duk nauyinsu ɗaya fa," yake faɗa wa dillali.

Tasalla ta ce, idonta kan ƙwarya, "Wanga Uda ne ɗan wata goma. Wancan Balami ya tsallake layya huɗu. Malam, ka taɓa buɗe bakin rago kuwa?"

Bai taɓa ba. Ranar ya koyi ƙirga haƙori, ya kuma nemi lambar gidansu a Badarawa.

Lokacin Shari'a na da zafinta, zance sai a zaure gaban gwaggo. Sauran kuma ta waya, wadda ke kamawa in an hau kan rumbu.

"Malamata, yau na buɗe baki ashirin. An cije ni sau biyu."

"Sannu Likita. Haka ilimi yake."

Ya sayi raguna takwas, iri ɗaya, haƙori ɗaya. Bayan wata biyu saƙo ya shigo:

"Hasken raina, zukata shida sun lalace daidai wa daida! Ban taɓa farin ciki haka ba."

Wayar ta Malam Halilu ce. Limamin unguwa ya karanta masa.

"Mai murna da lalacewar zuciya zan ba ɗiyata? Ga Maitama nan ɗan ƙanena, bai taɓa cutar ko kaza ba."

Abdulhadi ya zo ba da haƙuri da takardu, ya yi Turanci har rabin awa. Aka ce ya gaida gida.

Tasalla ta hau rumbu. "Likita, tuɓe rigar nan. Bar Turanci gida. Ka roƙi Baba ya je ya gani da idonshi."

Malam Halilu ya tafi ne don ya samu abin faɗa wa alƙali. Ya ga rago ya yi barci kafin wuƙa, ya farka kan ciyawa mai tsabta. Sai ya tsaya kan biyun da suka ƙi yin daidai.

"Waɗanga daga ina?"

"Zurmi, Baba."

"Da ƙafa aka koro su, dubi kofato. Ko hutawa ba ka bari sun yi ba. Kai wai mi aka koya muku?"

Ya yi faɗa har la'asar. Daga ƙarshe ya ce shi zai riƙa kiwata masa raguna, uba ɗaya, damina ɗaya, kiwo ɗaya.

"Amma ba ni barin dabba hannun wanda bai san ta ba. Tasalla za ta bi su. Ka turo manyanka."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a Badarawa. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka ce amin. Maitama ma ya ce amin, ya ci shinkafa faranti biyu.