Ƙwaya a Cikin Kokon Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Badarawa. Duk duniya ba ta da aboki kamar kakanta, Malam Ɗahiru, tsohon direba a tashar Kawo.

Shekara biyu ke nan Kaka yana shan wahalar fitsari. Likita ya ce kumburi ne ya daɗe a ƙasan mafitsararsa, irin na maza tsofaffi. Za a riƙa duba shi, kada ya zama ciwon daji.

Ran nan ta ji Kawu Mansur yana karanta wa Baba wani abu a waya.

"Yaya, ka ji wai maganin kumburi yana iya rage haɗarin dajin nan."

"To, sai mu tambayi likita," in ji Baba.

Ita ba ta jira likita ba. Ta tare mai tallan magani a faranti, ta sayi ƙwayar kumburi da kuɗin taranta na makaranta. Ta san Kaka da ƙin ƙwaya. Kullum cewa yake, "Ni da ƙwaya? Sai dai a ɗaure ni!" Don haka kowace safiya sai ta daka biyu, ta zuba masa a koko.

"Amarya, kokon nan naki da ɗaci," in ji Kaka. "Saki kike nema?"

"Kai dai sha, tsoho."

Bayan mako uku Kaka ya fara riƙe ciki. Ranar Laraba ta dawo daga makaranta ta tarar da tabarmarsa a waje, Mama tana wanke jini tana kuka.

"Amai ya yi. Sun tafi asibiti."

A asibiti Kaka yana kwance, leɓensa fari fat. Ta kira shi, bai amsa ba.

Wata likita ta tambayi Baba, "Yana shan wani magani a gida?"

"Ko ɗaya."

"Ku tuna dai. Ina so in san abin da ya ci masa ciki."

Yarinyar ta matso. Ta buɗe jakarta, ta miƙa ragowar ƙwayoyin.

"Ni ce. Don kada daji ya kama shi."

Baba bai dake ta ba. Bango kawai ya juya yana kallo. Da ma dukan ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Likita ta durƙusa gabanta. "Maganar nan har yanzu bincike ake yi, ba a tabbatar ba. Amma an tabbatar ƙwayar nan tana iya fasa cikin tsoho. Gara da kika faɗa."

Kwana uku ana ƙara wa Kaka jini. Kwana uku abinci ya ƙi shigar ta. A aji Malama Harira ta kira sunanta sau biyu, ba ta ji ba.

A rana ta huɗu Kaka ya buɗe ido, ya nemi ruwa. Ta riƙe masa kofi, hawaye na zuba.

"Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Daina kukan, kina jiƙa mini zane."

A hanyar gida Baba ya kama hannunta.

"Ƙauna ce ta sa ki, na sani. Amma ƙauna ba ta mai da mutum likita. Ko magani ya kai kyan me, kada ki ba kowa sai likita ya ce. A ɓoye kuwa, har abada."

"Na ji, Baba."