Itacen da Ba a Shanyawa

Rana ta yi ja lokacin da Nakazwe ta kama hanyar kogin Kalambo, da guntun itace ƙunshe a zaninta.

Mijinta Silwamba lebura ne wurin masu tono, can sama da inda kogin ke faɗawa kwazazzabo. Sun haƙo itatuwan da mutanen farko suka sassaƙa tun ba a san ƙarfe ba, kullum ana yayyafa musu ruwa. Silwamba, sarkin dogon hannu, ya zo da ɗaya gida. Ita kuwa ta ga jiƙaƙƙen ice, ta yi abin da kowace mace za ta yi, ta ɗora shi saman murhu don ya bushe.

Itacen ya fara tsagewa. Leɓen 'yarsu Lukundo ma ya fara tsagewa. Kwana uku yarinya na shan ruwa kamar rairayi, ko hawaye babu.

"Maman Lukundo, bari gari ya waye kafin ki mayar da shi," in ji Silwamba.

"Ya waye a kan gawa? Matsa min, rago!"

Bakin ramin tonon ba kowa. Warin danyen laka. Rugugin ruwa har cikin haƙora. Ta durƙusa.

Sai rugugin ya ɗauke.

Ƙwas. Ƙwas. Dutse kan itace, wani na sassaƙa a bayanta.

Ta waiga. Bai kai ta tsawo ba. Faffaɗan ƙirji, goshi ya rufe ido, laka na zuba daga gashinsa. Ya miƙo hannu.

"Ga kayanka, kaka," ta raɗa. "Wallahi ban sani ba. Ka bar min 'yata."

Ya shinshina itacen. Ya shafa tsagar da babban yatsa. Kukan da ya yi, tausayinsa ma ya kama ta.

Sai ya cafke hannunta.

Ya danna shi cikin laka tare da itacen. Sanyi ya ratsa ƙashi. Laka ta kai gwiwar hannu. Ta kai kafaɗa.

"Lukundo!"

Ta fizge. Rugugin ya dawo. Ta zura da gudu.

A gida ta tarar da yarinya tana kuka, da hawaye shaɓe-shaɓe.

Lukundo ta warke. Silwamba ya koma noman gero. Amma har yau Nakazwe ba ta tuƙa tuwo da hannun dama. Hannun yana naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, kuma Lukundo ce ke yayyafa masa ruwa, safe da yamma, don kada ya tsage.