Akuyar Auta a Hannun Kowa

Auta tana da wata tsohuwar na'urar gem ta hannu. Yayanta ne ya bar mata. Maɓallin hagu ma sai an danna shi da ƙarfi.

A kulob ɗin kwamfuta na makaranta, Auta ta koyi haɗa gem. Ta zana akuya mai tsallake bokitai. In akuyar ta faɗi, sai ta yi "meee!" Auta ce ta yi kukan da bakinta, ta ɗauka a waya.

Tana so ta nuna akuyar ranar gasar makaranta. Amma na'urar a kulle take, gem ɗin kamfani kaɗai take karɓa. Sai ta kai wa mai gyaran waya na bakin titi, tare da katin memorin da akuyar take ciki.

"Zan buɗe miki ita," in ji shi. "Har gem na kamfani zan cika miki, kyauta. Ki bar min memorin kawai."

Auta ta san na sata ne, don Malamar kulob ɗinsu ta sha ja musu kunne. Amma kwaɗayi ya rufe mata ido.

"To, ka sa min mai tseren mota," in ji ta.

Ranar gasa, Auta ta fito gaban aji ta kunna gem ɗinta. Sai wani yaro ya ɗaga hannu.

"Malama, ai ina da wannan akuyar!"

"Ni ma!" in ji wata yarinya.

Ashe mai gyaran nan ya kwafe gem ɗin Auta. Ya goge sunanta, yana loda wa duk yaron da ya kawo na'ura. Kai, wannan rashin kunya da yawa take!

Malama ta ɗaure fuska. "Aikin wani kika kwaso mana? Koma ki zauna. Gobe ki zo min da bayani."

Auta ta dawo gida ranta a ɓace. Ta wurgar da jaka a ƙofar ɗaki.

"Umma, mai gyaran wayar nan ɓarawo ne! Ni na zana, ni na haɗa, har muryata ya sace! Ko tambayata bai yi ba!"

"Lallai ya cuce ki," in ji Umma. "Miƙo min na'urar in gani."

Umma ta duba, ta ƙara dubawa.

"Wannan mai motar fa, wa ya yi shi?"

"Kamfani ne."

"Kamfanin ba mutane ba ne? Kin tambaye su kafin ki ɗauka?"

Auta ta karɓi na'urar daga hannun Umma. Kunya ta kama ta. Ta zauna ta goge gem ɗin satar nan ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ta faɗa wa Malama gaskiya, ba ta ɓoye komai ba. Malama ta zaunar da ita gaban kwamfuta.

"In naki ne, sa akuyar ta yi tsalle biyu a sama."

Auta ta gyara layi kaɗan a rubutun da ta haɗa gem ɗin da shi. Akuya ta yi tsalle, ta ƙara wani kafin ta sauka. Aji ya ɗauki tafi.

"Ki yi haƙuri, na zarge ki," in ji Malama. "Kin koma cikin gasa."

Da yamma Yaya ya raka ta shagon mai gyara. Ya tsaya a kansa har ya cire akuyar daga kwamfutarsa, yana ta ƙunƙuni.

A hanya Yaya ya tsokane ta. "Auta, in samo miki mai tseren mota?"

"A'a, Yaya. Na ji yadda abin yake da zafi. Duk gem ɗin da ka gani, wani ne ya sha wahalarsa. Ba zan ƙara ɗaukar aikin kowa ba sai da izininsa."