Fiton da Uwa Ba Ta Ji

Wata tsohuwa mai saƙa da muka taɓa zama gida ɗaya ita ta fara ba ni labarin nan, Allah ya jiƙanta. Ni ban yi karatu mai nisa ba, yadda na ji haka zan faɗa.

Akwai wata mata da ake kira Mai Gyara. Mijinta ya rasu ya bar mata shagon gyaran rediyo, da 'ya ɗaya da suke kira Auta, da uwarsa tsohuwa, wato Kaka. Mai Gyara ta riƙe shagon da kyau, amma ranta na wani wuri. So take ta haɗa akwatin kiɗa da hannunta, irin wanda ba tsirkiya ba fata, wutar lantarki kawai yake murɗawa ta zama sauti. Ta koyi zana hanyoyin waya, ta koyi liƙa ƙananan ƙarafa da dalma, ta koyi rubuta wa akwatin umarni a kwamfuta. Ta mai da ɗakin ajiya wurin aiki. Ɗakin nan bango ɗaya ya raba shi da inda Auta ke kwana, bayansa kuwa wani lungu ne mai duhu da ba a shiga.

Ranar da akwatin ya fara kuka, dab da magariba ne. Yana da wani maɓalli da ake murɗawa. In ta murɗa hagu sai ya yi gurnani kamar sa, in ta murɗa dama sai ya sirance kamar kukan sauro. Ta yi ta murɗawa dama, sautin yana sirancewa, har ya ɓace. Ta ce a ranta, to, nan ne shirunsa. Ba ta kai ga sa masa makunni ba tukuna, ta kuma ji tsoron in ta zare waya umarnin da ta sha wuyar rubutawa zai goge. Sai ta bar shi a jone ta ja ƙofa.

Suna cin abinci a tsakar gida, Auta ta ajiye cokali ta toshe kunne.

“Mama, wani abu yana fito.”

Suka kasa kunne. Shiru, sai kaji masu neman makwanci.

“Cikinki ne ke fito,” in ji Kaka. “Ci abinci, 'yar nema.”

Washegari ma haka, jibi ma haka. Yarinya ta daina barci, idonta ya faɗa. Karen maƙwabta ya daina bi ta ƙofar gidan. Mai Gyara ta ɗauka kishi ne, don tun da ta fara aikin nan ba ta zama yi wa Auta kitso. Wata magariba Auta ta tsaya bakin ɗakin ajiya tana kuka, ta ce daga cikin akwatin ne, don Allah a kashe. Uwar na tsakiyar liƙa waya, hannunta ya goce, dalma ta ƙone ta. Ta juyo ta wanke yarinya da mari.

“Maƙaryaciya. Ni kurma ce? Kar in ƙara ji.”

Ba ta ƙara ji ba kuwa. Auta ta kama bakinta.

Daga nan jifa ya fara. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta sauka kan rufin ɗakin ajiya, ɗaya, a yi shiru, sannan wata. Aka leƙa waje, ba kowa. Duwatsu suka ƙara girma. Kaka ta ce ta ji kamar ana jijjiga jariri a lungun nan, ana huci irin na wadda ta gaji. Gidan ya yi nauyi. Ko magana suka yi, ƙasa-ƙasa suke yi, kamar masu zaman makoki.

Sai wata magariba Auta ta miƙe tsaye a tsakar gida, ta sandare, ta rungume hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da jinjiri, ta fara jijjiga. Idonta a buɗe, amma ba ita ke kallo ba.

Kaka ta aika aka kira wani malami, dattijo mai sanyin magana. Ya zauna kan tabarma ya yi ta karatu a hankali har duhu ya rufe gida. Sannan ya ce, “Wane ne a jikin baiwar Allah?”

Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dushe.

“Maƙwabciya ce. Lungun nan nawa ne tun kafin a sa tubalin gidan. Na taɓa ɗaukar musu ko allura?”

“To me ya kawo jifa?”

“Sallama nake yi. Ba a amsa ba.” Ta jijjiga hannuwanta. “Ɗana ya daina shan nono. Jini ke fita a kunnensa. Dare da rana abin nan yana soke mu kamar tsinke, matar nan tana barcinta.”

Malam ya dubi Mai Gyara. Ta ce, “Wallahi akwatin shiru yake. Ba ya ƙara.”

Malam ya ce, “'Yata, kunne yana tsufa kafin mai shi. Akwai siririn sautin da yaro ke ji, babba ba ya ji. Je ki zare wayar.”

Ta tafi da gudu ta fizge wayar daga bango. Ita ba ta ji wani bambanci ba. Amma da ta dawo, ta tarar kafaɗun Auta sun sauka, kamar an sauke mata tulu. Nan ta durƙusa.

Malam ya ce, “An kashe. Fita. Me yarinya ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ta ji abin da muke ji, shi ya sa na shigo inda za a gane ni. Amma kunnen ɗana ya lalace. Zan tafi da nata guda.”

“Ba za ki taɓa ta ba. Ki ji tsoron Allah.”

Mai Gyara ta rarrafo. “Ki ɗauki nawa. Duka biyun.”

Aljanar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. “In yi me da su? 'Yar cikinki ta tsaya gabanki tana kuka ba su ji ba.”



Malam ya ci gaba da karatu, aljanar tana huci tana cewa a bar ta, ita ma uwa ce. Daga baya ta sauko. Ta ce ta bar kunnen, amma akwatin ba zai ƙara kwana a jone ba, kuma matar nan ta janye sunan da ta kira yarinya da shi, a gaban mutane.

Mai Gyara ta ce, “Ba maƙaryaciya ba ce. Ni ce ban ji ba.”

“Ba ni za ki gaya wa ba,” in ji muryar. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin Kaka. Wani abu ya gifta ta lungu, ganye ya motsa, shi ke nan.

Da gari ya waye Auta ta tashi lafiya, ba ta tuna komai na jiya ba. Mai Gyara ta fito da akwatin tsakar gida, ta sa almakashi ta datse masa waya a gabanta. Sannan ta durƙusa daidai tsayinta ta ce, “Auta, yanzu kina jin wani abu?”

Yarinya ta ja baya kaɗan, ta dubi hannun uwar da ya mare ta.

“Ba na jin komai, Mama,” ta faɗa da sauri.

Mai Gyara ta rasa gane ko gaskiya ce ko tsoro, kuma ba ta da kunnen da za ta bincika da shi. Ba ta buɗe shago ba ranar. Ta zauna a ƙasa, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta sake tambaya a hankali.